Ranar Da Tajeu Ya Saki Igiya

Shekara tara muna zagaya karnuka tare da Mzee Tajeu, wato dattijo Tajeu, a Lambun Mukuyu na Nairobi, ban taɓa jin ya kira kare da sunan da masu shi suka raɗa masa ba. Su can a gida su sa wa dabba sunan Bature mai karya harshe, shi kuwa ya dube ta sau ɗaya ya ce Ja, ko Farin-goshi, ko Guntun-bindi. Abin haushin kuma, shi suke amsawa. Ni sai in yi ta kiran nawa har maƙogwarona ya bushe, shi fito ɗaya zai yi duk su juyo, har da nawan.

Mu bakwai ne muke wannan sana'a a unguwar. Ƙarfe shida na safe kowa ya bi gidajen da yake yi wa aiki, ya karɓo karnuka a bakin get, mu haɗu a lambu, mu zagaya sau uku, mu mayar da su kafin rana ta ɗaga. Masu karnukan suna ofis, ko suna barci. Ni sunana Kanini, amma Mama Mueni kowa ke kirana, kuma da wannan yawon na ciyar da 'ya'ya uku ba tare da na je ƙofar kowa ba. Unguwar ba ta da wani fili sai lambun nan. Titunanta ba wurin tafiyar ƙafa, matatu kuwa, motar hayar garin, ba ta san kare ba balle mai jan sa. In aka hana karnuka shiga lambu, aikinmu ya ƙare, mu duka bakwai.

Dukanmu muna ɗaura wani faffaɗan bel na fata a ƙugu, mai zobba, mu maƙala igiyoyin karnuka a jiki. Hannu biyu su huta, ka amsa waya, ka kwashe kashin kare da tsohuwar jarida. Masu gida ma sun fi son haka, don dokarsu ɗaya ce tak: kada kare ya kuɓuce. Tajeu kaɗai yake riƙe igiyoyinsa biyar a tafin hannu, ko naɗa su a wuyan hannu ba ya yi. Mun sha yi masa tsiya a kan haka.

"Mzee, rowa ce ta hana ka sayen bel, ko ƙugun ne babu?"

"Mama Mueni, dabba ake ɗaurewa. Ban ga dalilin da zan ɗaure kaina a jikinta ba."

Masai ne, ƙabilar makiyaya, daga can ƙasan Kajiado, dogo siriri, ya kusa sittin. Ya yi garkensa har wani fari ya zo ya cinye shi ƙurmus. Ya taɓa gaya mini saniyar ƙarshe da ta rage masa a kan cinyarsa ta ɗora kai ta mutu, daga nan bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Ya shigo Nairobi ya kama gadi kamar sauran 'yan'uwansa. Gidan da ya samu akwai karnuka biyu da suka ciji mai wanki, suka ciji mai gyaran wuta, amma cikin mako guda suna bin sa kamar shi ya haife su. Uwargida ta ce ya riƙa fita da su. Maƙwabta suka gani suka ƙara masa nasu, har yawon ya fi gadin tsoka, ya ajiye gadin.

Sai dai a ƙauyensu har lokacin mai gadi aka san shi. A wajensu kare abin bin garke ne, ya ci abin da ya samu. A ce dattijo mai furfura yana bin bayan kare, yana sunkuyawa yana kwashe masa kashi, wannan ba labarin da za a kai gida ba ne. Shi ya sa kullum yana cikin shuɗiyar rigar aiki da hana-salla, ya naɗe hudaddun kunnuwansa ya cusa su ƙarƙashin hular.

Shekarar da damina biyu suka wuce ba ruwa, wata Litinin cikin Fabrairu, muka shigo muka tarar da shanu kwance a kan ciyawar da aka kafa wa allon kada a taka. Ta gefen rafi suka shigo, inda shinge ya daɗe da faɗuwa. Sun kusa ɗari, haƙarƙari duk a waje, wasu sai an ɗaga su ta wutsiya kafin su miƙe. Akwai wani bututun ruwa da ya fashe a ƙarƙashin lambun tun ban san hanyar birni ba, shi ya sa ciyawarsa ba ta bushewa. Makiyaya sun samu labari.

Gaskiya zan faɗa, ban ji tausayin shanun nan ba a farko, haushi na ji. Kare in ya ga ɗanyen kashin shanu ji yake an kawo masa turare. Ina da wata farar karya mai gashi kamar auduga, kullum sai ta yi birgima a ciki, in mayar da ita koriya, uwar ɗakinta ta tsaya a bakin get tana toshe hanci tana kallona kamar ni na yi kashin. Ga kaska. Ga haushi tun daga ƙofa har ƙofa, karnuka na ja, bel na yanka mana ƙugu. Na lura Tajeu ya canja hanya, ya koma bin jikin katanga ta sama, ya ja hularsa har kan gira. Ko fiton ma ya daina.

A mako na biyu abin ya faru da Barasa, ƙato ne a cikinmu, mai karnuka shida. Ya ratsa tsakanin wata saniya da maraƙinta bai sani ba, yana waya. Saniyar ta sauke kai ta taho. Karnukan suka watse, uku dama, uku hagu, shi kuma yana tsakiya a ɗaure. Yana laluben maɗaurin bel ta iso. Karnukan take nema, amma shi ta samu, don shi ne ba ya iya motsi. Ta kayar da shi ta taka shi, ƙashin kafaɗarsa ya karye, haƙarƙari biyu suka tsage. Mun ji ihunsa har daga bakin ƙofa.

Washegari shugabar lambu, Madam Jerono, ta tara mu a gindin ɓaure.

"Shanun nan ba ni da ikon korarsu," in ji ta. "Na sa masu gadi sun kora su ta gabas, sun dawo ta rafi. An kira ni daga sama an ce in ƙyale su sai ruwa ya sauka. To ɗaya zai fita, ko shanu ko karnuka. Daga ɗaya ga watan gobe, babu kare a lambun nan."

"Haba Madam!" na ce. "Su fa suka same mu a nan!"

"Mama Mueni, in kin san inda ake kai wa saniya takardar gargaɗi, ki nuna mini."

Ruwa kuwa ko alamarsa babu, kuma mai kare ba zai jira ka wata biyu ba, zai koya wa mai gadinsa zagaya tsakar gida ne ya manta da kai. Sai Tajeu ya yi gyaran murya.

"Madam, ki ba ni mako uku. Ranar ƙarshe ki zo da kanki ki zagaya tare da mu. In kare ɗaya ya tayar da saniya, ko saniya ta taɓa mutum, ki rufe."

"Kai wa za ka yi wa magana, shanun?"

"Da su, da masu su, da waɗannan," ya nuna mu da haɓa. "Waɗannan ne za su fi wuya."

Ta yi dariya ta ce ta ba shi.

A ranar ya gangara wajen makiyayan da karnukansa biyar a hannu. Na bi shi, ba don taimako ba, don kada a ba ni labari. Babbansu yana zaune a kan kututture, ya yafa jan mayafi, sanda a tsakanin gwiwoyi. Tajeu ya tsaya a gabansa ya cire hula, kunnuwan suka sauko. Mutumin ya dube shi, ya dubi karnukan, ya sake dubansa. Ashe sa'an Tajeu ne, sunansa Sironka, shekara ɗaya aka yi musu kaciya. Suka gaisa da yarensu doguwar gaisuwa, sannan Sironka ya juya Swahili da gangan don in ji.

"Sa'ana, wannan ne gadin? Wanne kake tsaro a cikinsu, ko su ne ke tsaronka?"

"Garkena ke nan yanzu."

"Madalla da garke! Wacce ake tatsa? In kawo ƙwarya?"

Sauran makiyayan suka kwashe da dariya. Kamar an haɗa baki, Guntun-bindi ya zaɓi wannan lokacin ya tsuguna. Tajeu ya tsaya har ya gama. Ya zaro jarida daga aljihu, ya sunkuya a gaban sa'ansa, ya kwashe, ya naɗe, ya miƙe. Ni da ba danginsa ba sai da na ji kunyar ta kama ni har tafin ƙafa. Dariyar ta mutu da kanta.

"Ka gani da idonka, ba sai an gaya maka ba," in ji Tajeu. "Da wannan nake aika wa gida garin masara. Kai kana da abin da za ka ɗaga ta wutsiya, ni ban da shi. Ban zo in ce ku tashi ba, na san abin da ke bayan shingen can. Amma in aka rufe mana ƙofa, gida bakwai za su kwana da yunwa saboda shanunka."

Sironka ya tona ƙasa da sanda. "Me kake so?"

"Masu jego da masu tsohon ciki ku riƙe su ta wajen rafi daga shida zuwa tara. Ku rataya musu ƙararrawa. Sauran ku bar mini su, zan kawo karnuka su san juna."

"Ƙararrawa uku gare mu."

"Gwangwanin madara da ƙusa ma ƙararrawa ne. Zan kawo."

Kafin la'asar labari ya isa Kajiado, don makiyayi na yanzu da waya yake kiwo. Muna shan shayi da mandazi, irin fanken nan, a bakin ƙofa matar Tajeu ta kira shi. Ya koma gefe, ya daɗe yana saurare, bai ce komai ba sai "to, to." Da ya dawo na ce, "Mzee, an kore ka daga dangi?"

"Cewa ta yi shekara nawa tana kakkaɓe gashin kare daga bargona in na je gida, ko na zaci makauniya na aura." Ya kurɓi shayi. "Amma ƙanena ya ce kada in zauna cikin dattawa a bikin ɗansa."

Ya faɗe shi kamar ba komai, amma shayin bai ƙarasa ba.

Washegari aka fara. Ya ce kare ɗaya-ɗaya za a riƙa kaiwa, sauran a tsare su a nesa. Ya fara da nasa. Ya ɗebi ɗanyen kashin shanu ya shafa wa Farin-goshi a wuya da ƙirji, ni da na kwana biyu ina wanke irinsa na ce a'a, wannan kuma hauka ne. Ya ce saniya da hanci take gane nata, in ta ji warin garke a jikin kare rabin faɗan ya mutu. Ya kai shi kusa da wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, ya zaunar da shi, shi ma ya tsuguna yana yi mata wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta miƙo hanci ta sunsuna, ta yi atishawa, ta ci gaba da kiwonta. In kare ya yi haushi, a mayar da shi baya a sake. Akwai wani baƙin kare na Barasa, wanda muka raba karnukansa a tsakaninmu kafin ya warke, sai da aka kai shi sau goma sha ɗaya. Tajeu bai ɗaga masa murya ko sau ɗaya ba.

Ya koya mana abubuwan da ɗan shekara biyar ya sani a ƙauyensu. Kada ka ratsa tsakiyar garke. Kada ka zo wa saniya ta baya. In ka ga ɗaya ta ware ita kaɗai tana kallonka ba ta tauna, ka canja hanya. Kullum bayan zagaye sai mu tsaya a famfon lambu mu wanke karnuka talatin da wani abu, mu cire kaska, hannuwanmu duk suka tsattsage. Mun yi gunaguni amma mun yi.

Inda aka yi rigima a kan bel ne. Ya ce kowa ya cire, a riƙe igiya a hannu, kuma in saniya ta taho, a saki.

"A saki?" na ce. "Mzee, kai ka san dokar gidajen nan. Ranar da na saki karen mutane, ranar zan koma ƙauye noman wake."

"Kare ya fi saniya gudu, Mama Mueni. Ke ba ki fi ta ba. In kin sake shi, shi za ta bi, ta gaji ta dawo wajen ɗanta. In kin riƙe, ke ce turken."

"In ya fita titi fa?"

"Shi ya sa nake koya musu fito."

Kwana huɗu ina zuwa da bel ɗina. Kwana huɗu yana tsayawa a ƙofar lambu, ba faɗa ba zagi, ya miƙo hannu kawai. A rana ta biyar na je duba Barasa, na ga matarsa tana ba shi kunu da cokali don ba ya iya ɗaga hannu. Na dawo na cire na jefa wa Tajeu a ƙafa, na ce ya dafa ya ci.

Bai tsaya a kanmu ba, ya bi gidajen da yake yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiya. Na ce masa wauta ce, wa ya tambaye shi? Ya ce ba zai yi abu a ɓoye da dabbar mutum ba. Babban cikinsu Bwana Ndirangu ne, shugaban ƙungiyar masu gidajen unguwa, mai jajayen karnuka biyu da aka kawo masa a jirgi daga Afirka ta Kudu. Ina tsaye a waje na ji amsarsa ta saman get.

"Ka saki karnukana a gaban ƙaho? Tajeu, ka san daga inda aka kawo su?"

"Bwana, in ta taho ba ta tambayar daga inda aka kawo kowa."

"To saurara. Ranar da hannunka ya rabu da igiyar nan, kada ka sake taka ƙofata."

"Na ji, Bwana."

Ranar ƙarshe ta faɗo Asabar. Madam Jerono ta zo da takalminta mai tsini, Bwana Ndirangu ma ya zo da kayan motsa jiki, wai ƙungiya ta turo shi ya shaida. Muka jeru mu shida, Tajeu a gaba, Madam a gefensa. Zagaye na farko lafiya lau. Shanu na kiwo dama da hagu, karnuka na wucewa ko kallo babu, can wajen rafi gwangwanayen madara na ƙara. Zagaye na biyu har Madam ta fara hira, tana tambayar Tajeu wace irin waƙa yake yi musu.

A zagaye na uku, inda hanya ta bi ta gefen wasu duhuwar furanni, Tajeu ya tsaya cak. Wata baƙar saniya ce ita kaɗai a bakin duhuwar, ba gwangwani a wuyanta, mabiyiya na reto a bayanta. Da asuba ta haihu ta ɓoye ɗan a ciki, ba wanda ya sani, har Sironka. Ƙaramar saniya ce, haihuwar fari, cikin bai nuna ba saboda rama. Taku goma ne tsakaninsu.

"Kowa ya tsaya," ya ce a hankali. "Ku ja da baya. Madam, kada ki gudu."

Ba a kai ga ja da bayan ba maraƙin ya yi kuka a cikin duhuwa, ɗaya daga cikin jajayen karnukan ya ɗaga kunne ya matsa taku ɗaya. Shi ke nan. Ta sauke kai ta taho.

"Tajeu, riƙe su!" Bwana Ndirangu ya daka tsawa daga baya. "Riƙe!"

Na ga hannun Tajeu ya buɗe. Igiyoyi biyar suka zube ƙasa, ya yi wani gajeren fito, ya fisgo Madam ta hannun riga zuwa bayansa. Karnukan suka fita ta hagu kamar an harba su. Saniyar ta karkata ta bi su, ta wuce mu har na ji hucinta a hannuna. Mu ma na baya muka saki namu, ban ma san lokacin da na saki ba. Lambu ya cika da karnuka suna gudu da igiyoyi a bayansu. Ta bi su kamar taku arba'in, ta tsaya tana haki, ta juyo da sassarfa wajen ɗanta. Sironka da mutanensa suka iso da sanduna suka tare tsakani.

Tajeu ya sa yatsu biyu a baki ya yi dogon fito. Suka fara dawowa, biyu-biyu, uku-uku, harshe a waje. Muka ƙirga, ba wanda ya ɓata, ba wanda ya kai titi. Sai ɗaya daga cikin jajayen da ya dawo yana ɗingishi: igiyarsa ta sarƙe a wani kututture, ƙaho ya same shi a cinya kafin ya fisge. Yanka ne mai tsawon yatsa, likitan dabbobi ya ɗinke shi a ranar.

Madam Jerono ta zauna a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ban san inda yake ba. Ta ɗago kai ta dubi Tajeu.

"Da bel ne a ƙugunka fa?" ta ce.

"Da ni da ke muna motar asibiti yanzu, Madam."

Ta ce lambu na nan a buɗe ga karnuka, da sharaɗi ɗaya: ba mai shiga da igiya ɗaure a jikinsa. Muka fara murna, sai muka ga Bwana Ndirangu ya tsuguna a kan karensa, hannunsa duk jini. Ya miƙe ya karɓe igiyoyin biyu daga hannun Tajeu.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

"Ka gaya mini, Bwana."

Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ke cikina, Tajeu ya girgiza mini kai. Har yau ina da-na-sanin yin shirun nan. Kafin Litinin labari ya zagaya wayoyin masu gidaje cewa tsohon Masai ya jefa wa shanun 'yan'uwansa karnukan mutane. Gidaje biyu suka bi sahun shugabansu. Aka bar shi da kare ɗaya, Guntun-bindi, na wata tsohuwar malamar makaranta da ta ce ita ba ta shiga zancen waya. Mutumin da ya buɗe mana lambu, mu da karnukanmu cif, shi da ɗaya. Na yi kuka a ranar, kukan takaici, a gaban 'ya'yana.

Litinin shida da rabi na same shi a ƙofar lambu da ɗan karensa. Ya ce in ya gama zagaye zai bi gidajen sabon layin da ke bayan coci, ya ji akwai masu karnuka. Muna tsaye sai ga wani magidanci ya taho, baƙon fuska, da sabon bel mai sheƙi a ƙugu, jajayen karnukan nan biyu a maƙale, ɗaya da ɗinki a cinya. Suna hango Tajeu suka fara kuka suna ja, sai da suka kusa kayar da mutumin. Tajeu bai taɓa su ba. Ya matsa ya tare ƙofa.

"Sannu, ɗan'uwa. Cire bel ɗin nan."

"Kai ne wa?"

"Wanda ka gada. Ba a shiga da shi, doka ce. Riƙe su a tafin hannu, kada ka naɗa. Akwai baƙar saniya mai jego wajen furannin can, zan nuna maka ita. In ta taho, ka saki."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni. "Bwana ya ce ranar da na saki ya kore ni."

"Zai kore ka," in ji Tajeu. "Ni ma ya kore ni. Ka gan ni nan tsaye da ƙafafuna. In mun tashi zan kai ka ka ga Barasa, shi da bai saki ba."

Mutumin ya sa hannu ya kwance maɗaurin. Tajeu ya nuna masa yadda ake jera igiya tsakanin yatsu, ya gyara masa babban yatsa sau biyu.

"Na hagun yana tsoron gwangwani, ka riƙa sa shi ta ciki," ya ce. "Kuma kada ka bar shi ya lashi ɗinkin."

Ya ja Guntun-bindi ya shiga gaba, muka bi shi.